Lakar Ƙazantar Birni: Taki Ce Ko Guba? Darasi Daga Gonakin Amurka

A duk shekara, idan na zo koyar da darasin sakaya zance a fannin nazarin ma'ana, nakan fara da neman ɗalibai su lissafo mini sunayen da Bahaushe ya raɗa wa wurin da yake biyan buƙatarsa. Kafin ka ce kwabo allo ya cika: bayan gida, ban-ɗaki, makewayi, bayi, masai, shadda, salga. Daga nan sai mu lura cewa yawancin waɗannan kalmomi ba su ambaci abin da ake yi a wurin ba, kewaye shi kawai suka yi. Wannan kunya ce da ladabin harshe, kuma ba ta cutar da kowa, domin mai magana da mai sauraro duk sun san abin da aka sakaya.

To amma akwai wata sakayawar da ba ta kunya ba ce, wadda mai magana ya san abin da ke cikin ƙwarya, mai sauraro kuwa faifan da aka rufe ta da shi kaɗai yake gani. A kan irin wannan nake son mu tattauna a yau, ta hanyar labarin wata kalma guda da aka ƙirƙira a Amurka a shekarar 1991, da abin da ya sami manoman da suka gaskata ta.

Ina dattin yake tafiya?

Kafin mu kai ga kalmar, ya kamata mai karatu ya san abin da aka raɗa wa sunan. A manyan biranen da suke da bututun ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, duk abin da ya fita daga masai da wurin wanka da madafa yakan bi bututu ya haɗu da ruwan asibitoci da na garejin makanikai da na masana'antu, su ɗunguma zuwa matata guda. A can ake tsayar da ruwan a manyan tankuna domin abin da ke da nauyi ya kwanta, sannan a saki ƙwayoyin halitta su cinye ragowar dattin, su ma su kwanta. Ruwan da ya washe sai a sake shi cikin kogi. Abin da ya rage a ƙasan tankunan wata baƙar laka ce mai kauri da wari, ita ce nake kira lakar ƙazanta.

Abin lura a nan shi ne, matata ba ta halaka yawancin gubar da ta shigo cikinta, raba ta kawai take yi da ruwa. Gwargwadon tsabtar ruwan da ya fita, gwargwadon abin da ya taru a laka. Ko shakka babu lakar tana da amfani, domin tana ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda su ne ƙashin bayan takin zamani, tana kuma gyara ƙasar da ta gaji. Sai dai tare da su akwai dalma da zaiba da kadmiyam da sauran ƙarafa masu guba, akwai ragowar magungunan da mutane suka sha suka fitsarar, akwai ɓurɓushin roba da ke zubowa daga tufafi wajen wanki, akwai kuma ɗaruruwan sinadaran masana'antu. Zafi da ruɓarwa suna kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, amma ba wutar da za ta mai da dalma wani abu da ba dalma ba. Ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yara take lalatawa, kadmiyam kuma yakan taru a ƙoda ya yi shekaru aru-aru bai fita ba.

Yadda aka yi bikin suna

A shekarar 1972 Amurka ta kafa dokar tsabtace ruwa, wadda ta tilasta wa birane su inganta matatunsu. Koguna suka samu sauƙi, laka kuma ta yi ta ƙaruwa. Birnin New York ya daɗe yana loda tasa a jiragen ruwa yana zubarwa a teku, har majalisar dokoki ta haramta hakan a 1988, aka yi zubin ƙarshe a 1992. Daga nan hanyoyi uku suka rage: a ƙona ta, a binne ta a bola, ko a shimfiɗa ta a gonaki. Ta ukun ta fi araha, sai dai tana da cikas guda, wato sunan. Kalmar "sludge" da Turawa ke kiran lakar da ita kalma ce mai nauyi a kunne, ba manomin da zai yi marhabin da ita a gonarsa, ba kuma maƙwabcin da zai yi shiru.

Saboda haka ƙungiyar masu aikin matatun ta kafa kwamitin sauya suna, ta nemi shawarwari daga mambobinta, aka aiko da sunaye fiye da 250. A 1991 aka zaɓi "biosolids". Duk ɗalibin ginin kalma zai ga gwanintar da aka yi. Ɓangaren farko na kalmar daga Girkanci yake, ma'anarsa rai, na biyu kuma yana nufin daskararren abu. Babu wari a cikinta, babu masai, babu masana'anta. Hasali ma a wannan shekarar ce ƙungiyar ta cire kalmar gurɓata daga nata sunan, ta maye gurbinta da kalmar muhalli. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma lallai wannan suna ya ja manoma da yawa zuwa inda ake so.

Adalci ne a faɗi hujjar masu wannan suna. Sun ce lakar da aka sarrafa aka kashe mata ƙwayoyin cuta ta bambanta da ɗanya, don haka ta cancanci suna na dabam. Wannan gaskiya ne ta fuskar cututtuka. Birnin Milwaukee ma tun 1926 yake busar da tasa lakar yana sayarwa a buhu a matsayin taki. Matsalar ita ce sabon sunan ya sa mai sauraro ya ɗauka an tsarkake ta daga komai, alhali daga abu ɗaya aka tsarkake ta.

A 1993 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin zuba lakar a ƙasa. Ta sa iyaka a kan ƙarafa goma, sai masu masana'antun fata suka kai ƙara a kan iyakar kuromiyam, kotu ta ga hukumar ba ta kafa isasshiyar hujja ba, aka cire shi a 1995, saura tara. Tara kacal, a cikin abin da birni guda ya amayar! A wani bincike da hukumar ta wallafa a 2009, ta ɗebi laka daga matatu 74 ta nemi sinadarai 145, ta kuma sami da yawa daga cikinsu, har da magunguna da sinadaran hana kama wuta. A 2018 ofishin babban mai binciken hukumar da kansa ya bayar da rahoto cewa an gano gurɓatattun abubuwa 352 a cikin lakar waɗanda hukumar ba ta da isassun bayanai ko kayan aikin auna haɗarinsu, kuma 61 daga cikinsu wasu dokokin ƙasar sun riga sun lissafa su a cikin masu haɗari. Duk da haka fiye da rabin lakar da matatun ƙasar suke fitarwa a ƙasa aka ci gaba da shimfiɗa ta.

Abin da ya faru a jihar Maine

Maine jiha ce a can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, ƙasar daji da kiwon shanun nono da masana'antun takarda. Tun daga shekarun 1980 hukumomin jihar suka riƙa bai wa manoma lasisin karɓar laka, ana kawo musu ita har gona, sau da yawa kyauta, ana kuma yaba musu cewa suna taimakon gari. A garin Arundel akwai wani mai kiwon shanu da danginsa suka yi kusan shekara ɗari suna noma fili guda. Ya karɓi lakar matatun birni da ta masana'antar takarda na kimanin shekara ashirin, ya daina a 2004. Bayan shekara goma sha biyu, a 2016, hukumar ruwan yankin ta auna wata rijiya a gonarsa ta sami wasu sinadarai da ake taƙaita sunansu da PFAS. Aka auna ƙasa, aka same su. Aka auna ciyawa da madara da jinin mutanen gidan, duk aka same su.

Waɗannan sinadarai dubbai ne, kuma tun shekarun 1940 ake amfani da su. Su ne suke hana abinci kama tukunyar zamani, su hana ruwa jiƙa tufafi, su hana maiƙo huda takardar naɗe abinci, suna kuma cikin kumfar kashe gobara. Sirrinsu ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin sinadarin kabon da na fulorin, wanda rana da ruwa da ƙwayoyin halitta ba sa iya kwance shi. Abin da ya sa suka yi amfani a masana'anta shi ne ya sa suka zama annoba a gona, har Turawa suka yi musu laƙabi da sinadaran har abada. Sukan bi ruwan sama su gangara rijiya, su bi saiwa su hau ciyawa, saniya ta ci, su fito a nono. Wani kwamitin masana da ya nazarci mutane kusan 69,000 da suka sha ruwan da ɗaya daga cikinsu, mai suna PFOA, ya gurɓata a kwarin kogin Ohio ya kammala aikinsa a 2012, ya danganta shi da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda da ta maraina da ciwon maƙoƙo da hawan jinin masu juna biyu. A 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara.

Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ke yin wannan ɓarna, a 2024 Amurka ta ƙayyade cewa kada PFOA ko ɗan uwansa PFOS ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. Wannan daidai yake da nauyin ɗunƙulen magi guda a narkar da shi a ruwan da zai cika tankar mai 30,000. A madara kuwa, jihar Maine ta sa iyakar PFOS a kashi 210 cikin tiriliyan. Madarar gonar Arundel ta kai 1,420. A 2020 aka sami wata gona a yankin Fairfield da madararta ta haura 30,000. A shekarar da ta biyo baya hukuma ta gargaɗi mafarauta kada su ci naman barewar da aka harba a wannan yanki, domin ita ma ta yi kiwo a filayen.

Mutumin Arundel ya yi ta zubar da madara, ya kashe kuɗi wajen sayen matatar ruwa da ciyawa daga nesa, ƙarshe dai sana'ar ta durƙushe, aka yanka shanu da yawa ba don a ci ba. Wani abin tausayin ma ya fi wannan. A garin Unity wasu matasa, miji da mata, sun sayi gona suna noman kayan lambu ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba. A ƙarshen 2021 suka gano cewa tun farkon shekarun 1990, kafin su san akwai gonar a duniya, mai ita na da ya zuba mata laka. Rijiyar da suke sha suke shayar da ɗansu ƙarami ta gurɓace. Suka janye amfaninsu daga kasuwa da hannunsu. Wani ya ci bashi, wani aka kama.

Jihar ta koma kan tsofaffin takardun lasisi ta lissafo wurare fiye da 700 da za a auna. A 2022 ta zama jiha ta farko a Amurka da ta haramta zuba lakar ƙazanta a gonaki ɗungurungum, ta kuma ware dala miliyan 60 domin tallafa wa manoman da abin ya shafa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Lakar da aka hana gona sai ta koma bola, a farkon 2023 babbar bolar jihar ta kasa ɗaukar yawanta, har aka riƙa tura wata Kanada a manyan motoci, kuɗin da magidanta ke biya kuma ya tashi. A watan Janairun 2025 Hukumar Kare Muhalli ta ƙasa ta fitar da daftarin nazari da ya nuna cewa ko kashi 1 cikin biliyan na waɗannan sinadarai biyu a laka zai iya zama haɗari ga iyalin da ke ci da sha daga gonar da aka daɗe ana zuba mata. Shekara talatin da huɗu ke nan bayan bikin suna.

Yadda wasu suka ɓullo wa lamarin

Ba Amurka kaɗai ke da wannan matsala ba. A Ingila mafi yawan lakar matatu gonaki take tafiya. Siwizalan kuwa ta fara hana zuba ta a gona daga 2003, ta koma ƙonawa. Jamus ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa manyan matatu, daga 2029, su ciro fosfaras daga lakar maimakon su watsa ta a gona, wato a ɗauki tsaba a bar ƙaiƙayi. Amma a ganina darasin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne na jihar Michigan. Daga 2018 ta umarci matatunta su bi bututu a baya-baya su gano masana'antun da ke zubo PFOS, musamman masu shafa wa ƙarfe kuromiyam, a tilasta musu tace ruwansu tun a cikin harabarsu. A wasu matatun yawan sinadarin ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Ashe tun daga bakin kwata ake tare guba, ba a bakin gona ba.

Mu fa?

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Biri da Gada, mu da yawancin biranenmu ba su da bututun ƙazanta balle matata? Gaskiya ne, in ka cire irin matatar Wupa da ke Abuja, kusan duk garuruwanmu masai da motocin kwasa suka dogara da su. Amma wannan ba kariya ba ce, ma'anarsa kawai ita ce abin da ake tarawa a tanki a can, mu a nan a kwata da rafi yake kwantawa, ba mai aunawa.

Manoman karkarar Kano sun shahara tun kaka da kakanni wajen ɗauko takin birni a mangala a kan jakuna, kuma da wannan hikima suka yi ta noma fili guda shekara da shekaru ba tare da ya mutu ba. Sai dai jujin wancan zamani toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Jujin yau akwai mataccen batir da baƙin mai da leda da fasassun kayan lantarki da ragowar magani. Kalmar taki ba ta sauya ba, abin da take nufi ne ya sauya, mu kuwa muna nan muna ba ta amanar da kakanninmu suka ba ta. Wannan shi ma sakayawa ce, ko da yake ba kwamitin da ya zauna ya shirya ta. Haka rafin Getsi yake kwaso ruwan masana'antun Bompai ya haɗu da Jakara, masana'antun Sharaɗa da Challawa, ciki har da majemun zamani masu aiki da kuromiyam, suna zubar da nasu ta wajen kogin Challawa, kuma a gefen waɗannan ruwaye ake noman latas da alayyafo da kabeji da ake kawowa kasuwa. Masana a jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen suna samun ƙarafa masu guba. Wanda kuma yake shakkar abin da ƙarfe mai guba ke yi idan ya shiga ƙasa, ya tuna Zamfara a 2010, inda dalmar da ta fito daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400, kuma ba a sami wata dabara ba sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe.

Ga shi kuma takin zamani ya yi tsadar da ya gagari talaka, biranenmu suna ta cika, ana ta maganar gina matatu da mai da shara dukiya. Ba na jayayya da wannan buri. Ƙasarmu tana jin yunwar taki, kuma asara ce a zubar da abin da zai ciyar da ita. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a kawo wa manomi baƙin gari a buhu mai hoton ganye shar, da suna mai daɗi irin su takin gargajiya ko takin halitta, a farashin da ba zai iya ƙi ba.

Saboda haka nake kira ga hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatun muhalli da na gona na jihohi, su yi abu huɗu tun kafin ranar ta zo. Na farko, kada a yarda ruwan masana'anta ya haɗu da na gidaje sai an tace shi a inda ya fito, kuma mai masana'antar ne zai biya. Na biyu, duk takin da aka yi da laka ko sharar birni a auna shi a ɗakin gwaji mai zaman kansa kafin ya shiga kasuwa. Na uku, a ajiye rijistar kowace gona da aka zuba wa, domin tsofaffin takardun lasisi ne suka nuna wa mutanen Maine inda za su nema, mu kuwa in abin ya faru a yau ba mu da ko takarda guda. Na huɗu, wanda ya shafi sana'ata, a rubuta a jikin buhu, da Hausa, da boko da ajami, daga ina abin ya fito da abin da aka samu a cikinsa, a kuma faɗa a rediyo da kalmomin da manomi yake amfani da su. Mu ma masu fassara da 'yan jarida da malaman harshe akwai hakki a kanmu, kada mu karɓi kalmar da ɗan kasuwa ya goge ya miƙo mana mu juya ta zuwa Hausa ba tare da mun tambayi abin da ta rufe ba.

Manomin da ya rasa amfanin shekara guda yana sa ran baɗi. Wanda ƙasarsa ta ɗauki gubar da ba ta ruɓewa ba shi da baɗin da zai jira, kuma abin da zai bar wa 'ya'yansa gado shi ne ciwon. Manoman Maine ba su karya doka ba, ba su yi ganganci ba, abin da hukuma ta kira taki suka karɓa a matsayin taki. Tun da gemun ɗan uwanmu ya riga ya kama wuta muna kallo, ba mu da uzurin barin namu a bushe.